KWAFI 3 MUN JI, INA ƊAKIN AJIYA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan littafi take. Akwai wata doka a ƙasar nan wadda da yawa cikinmu ba su taɓa jin labarinta ba, wato Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970. Ta ce duk wanda ya buga littafi a Nijeriya, lalle ne cikin wata ɗaya ya kai kwafi 3 Laburaren Ƙasa, da kuɗin aljihunsa. A ajiye 2 har abada, a aika da 1 Jami'ar Ibadan. In gwamnatin jiha ce ta buga, kwafi 10 za ta kai, ta tarayya kuwa 25. Wanda ya ƙi, a ci shi tara.

Mu ba mu ƙi wannan doka ba, don talaka ta fi amfana. Ku dubi 'yan littattafan da ake kasawa a kasuwa, na addini da na waƙoƙin ajami da na labaru. Takardarsu ba ta da ƙwari. Gara ta ci wasu, damina ta jiƙa wasu, sauran a ƙunshe ƙosai da su. Bayan shekara 20, ko marubucin ya nema ba zai samu ba. Littafin babban mutum ba ya ɓata, yana da masu adana masa. Na talaka fa? In ba a ajiye shi ba, jikokinmu za su zaci ba mu ce komai ba a zamaninmu.

Amma fa doka ba a wuyan talaka kaɗai take ba. Wanda ya ce a kawo masa ajiya, sai ya tanadi rumbu. A 2006 aka ba da kwangilar gina hedkwatar Laburaren Ƙasa a Abuja, ginin ya yi shekara fiye da 15 ba a gama ba. Ashe talaka wata ɗaya aka ba shi, Gwamnati kuwa ta ba kanta shekaru?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a bayyana dokar da Hausa a rediyo, kowa ya ji. Na biyu, a karɓi littafi a reshen laburare mafi kusa, a ba mutum rasit, kada a nemi ko kwabo. Na uku, abin da aka ajiye a bar ɗan kowa ya shiga ya karanta. Na huɗu, kada a mai da ajiya ta zama tarkon kama marubucin da ya faɗi abin da manya ba sa so.

Ku kuma masu buga littafi, ku kai naku, ku riƙe rasit. In mun sauke namu nauyin, bakinmu ya buɗe mu tambayi Gwamnati nata.