Wa Ya Fara Harbi a Bakassi?

Jama'a, har yau akwai 'yan'uwanmu ɗalibai waɗanda in aka ambaci Bakassi sai jijiyar wuyansu ta tashi, su ce an sayar da ƙasarmu, wai da Nijeriya ta yi ta maza da tuni ta koya wa Kamaru hankali. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Mu fara da abin da gwamnatocin nan biyu suka fi ƙwarewa a kai, wato jifan juna da laifi. A watan Mayu na 1981 aka kashe sojojin Nijeriya biyar a kan ruwa. Nijeriya ta ce a cikin ruwanta aka harbe su, Kamaru ta ce a'a, su ne suka kutso nata. Shugaba Shehu Shagari ya fusata har ya ƙi halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Nairobi, daga baya Kamaru ta ba da haƙuri, ta biya diyya, ƙura ta lafa. A ƙarshen 1993, zamanin Janar Abacha, sojojinmu suka shiga tsibirin. Mu muka ce mun je kare masuntanmu daga zaluncin jandarmomi, su suka ce mamaya ce tsagwaronta. A Fabrairun 1996 wuta ta sake tashi, Shugaba Eyadema ya tara ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu a garin Kara na Togo, aka yi alkawarin tsagaita wuta. Ba a je ko'ina ba aka koma gidan jiya, kowa na rantsuwa cewa ɗan'uwansa ne ya karya alkawari.

To, ga inda nake so mai karatu ya buɗe kunne. Duk wannan tulin zargi an kwashe shi an kai gaban Kotun Duniya, inda Kamaru ta shigar da ƙara a 1994, kowane ɓangare yana neman a ɗora wa ɗayan alhakin hare-haren. Da kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, sai ta ce a cikinsu babu wanda ya kawo isasshiyar hujja a kan abin da yake zargin ɗan'uwansa da shi. Shekara da shekaru ana karanta mana sanarwa a rediyo, ana tunzura mu, ashe ranar da aka ce a fito da shaida duk hannu rabbana suka zo. A kan irin wannan magana ce za a tura 'ya'yan talakawa su mutu cikin taɓo?

Masu cewa an sayar da Bakassi kuma, sai su gaya mana ranar cinikin. Ingila da Jamus ne suka zauna a 1913 suka ja layi, tsibirin ya faɗa ɓangaren Jamus, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga Kalaba ba. Wannan zalunci ne, ban musa ba. Amma da irin waɗannan layukan aka shata Nijeriya kanta, kuma shugabannin Afirka sun amince a Alƙahira a 1964 cewa za a riƙe iyakokin da aka gada. A 1975 ma Janar Gowon da Shugaba Ahidjo sun sa hannu a kan yarjejeniyar Marwa game da iyakar ruwa. Wanda ya je kotu da lauyoyinsa, ya yi shekara takwas yana kare kansa, ba shi da bakin cewa bai san alƙali ba don hukunci bai yi masa daɗi ba. Obasanjo da Biya sun sa hannu a Greentree a 2006 a gaban Kofi Annan, aka kammala miƙa tsibirin ranar 14 ga Agusta, 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. In da abin alfahari a labarin nan, to wannan ne.

Abin kunyar yana wani wuri dabam. Masuntan nan Efik da Ibibio da maƙwabtansu, waɗanda aka ce don su aka ɗauki bindiga, dubbansu sun baro gidajensu suka yi shekaru a sansanoni a Jihar Kuros Riba suna jiran matsugunin da aka yi musu alkawari. Kada kuma wani ya ce abin na 'yan kudu ne. Hukuncin nan ya taɓa Tafkin Cadi, inda a Disamban 2003 aka miƙa Darak da ƙauyuka wajen 30, cike da masunta Hausawa da Barebari da suka bi ruwa yayin da tafkin ke janyewa, suka kwana a Nijeriya suka tashi a Kamaru. Masu kururuwar yaƙi a ɗakin kwanan ɗalibai, a cikinku wa ya taɓa tambayar yadda mutanen Darak suka ƙare?