Gayyar Manhaja: Ina Fartanyar Malaman Hausa?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu abokan aikinmu, wai harkar kwamfuta ta 'yan kimiyya ce, malamin harshe da adabi kuwa iyakarsa alli da allo. Mu dai ba mu amince da wannan magana ba, domin lalaci ne kurum aka naɗa wa rawani.

Bari mu waiwayi tarihi. A shekarar 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU, sannan a 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda ya ba kowa ikon karanta umarnin da aka gina manhaja da shi, ya gyara, ya rarraba, bisa sharaɗin cewa wanda ya gyara ya rarraba tilas ne ya bar ƙofa a buɗe ga na baya. A 1991 kuma wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux, jama'a suka yi masa taron dangi. A yau wayar Android da ke aljihun masu wancan zance a kan Linux ɗin aka ɗora ta. Wato dai suna cin tuwon gayya alhali ba su taɓa kai fartanya gonar ba.

Za su ce ba su iya rubuta umarnin kwamfuta ba. To, wa ya ce gudummawa ta tsaya nan? Manhajar rubutu ta LibreOffice da ta shiga intanet ta Firefox suna duba kuskuren rubutu ne da jerin kalmomin da mutane suka tattara suka miƙa. Wa zai tsara na Hausa, ya fayyace jam'i da jinsi? Wa zai kai rahoto idan manhaja ta kasa bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa? Hanyar a fili take: ka ɗauki kwafi, ka gyara, ka aika wa masu kula da aikin, su duba, su karɓa ko su maido maka da sharhi. Wannan ai shi ne tace maƙala da muka saba da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya yi shiru, baƙo ne zai yi masa yaɓe yadda ya ga dama, ya kuwa zama ƙa'ida a idon 'ya'yanmu.

Za su kuma ce aikin ba lada, tunda ba ya kawo ƙarin girma. A nan ƙorafinsu yana da tushe, amma maganinsa gyaran ma'auni ne. Abin takaici ne a ƙirga maƙalar da mutum biyar suka karanta, a yi watsi da ƙamus ɗin da dubbai za su yi rubutu da shi kullum.

Saboda haka muna kira da abu biyu. Kwamitocin ƙarin girma su amince da gudummawar da aka tace aka karɓa a matsayin aikin ilimi. Sassan Hausa kuma su haɗa ɗalibansu na ajin ƙarshe da na sashen kwamfuta, kundin digiri ya zama gyara na haƙiƙa maimakon takardar da gara za ta ci. Allah ya sa masu kunne su ji.