Ciniki Da Wanda Ba Ka Gani Ba

'Yan'uwa manoma, a kasuwar ƙauye idan an yi tayin akuya, mai akuya ya ce albarka ko ya sallama, ga dillali yana tsaye, ga jama'a suna ji. In gardama ta tashi daga baya, akwai wanda za a kira. To, yanzu akwai kasuwar gwanjo ta intanet, inda mai saye da mai sayarwa ba su taɓa ganin juna ba. Matasanmu sun fara ɗora hoton wake da awaki a WhatsApp da Facebook, don haka ya kamata mu dubi yadda waɗanda suka riga mu suka sha fama.

Babbar kasuwar irin wannan ita ce eBay, wadda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995. Cikin kayan farko da ya sayar akwai wata 'yar tocila mai nuna abu da ɗigon haske, wadda ta lalace. Wani ya taya ta dala 14 da santi 83. Omidyar ya rubuta masa ya tambaye shi ko ya gane abin ba ya aiki. Mutumin ya ce ya sani. An faɗi aibin kaya tun da wuri, ciniki kuwa ya ƙare lafiya.

Da kasuwa ta cika, rigima ta cika. A wajajen 2010 ana kai wa eBay ƙara fiye da miliyan 60 a shekara. Daga cikinsu akwai iri biyu: mai saye ya ce kaya ba su iso ba, ko kuwa ya ce abin da ya iso ba shi aka kwatanta masa ba. A ganina wannan na biyun ya fi shafarmu, gama sau da yawa ba ɓarawo a ciki. Mai kaya ya rubuta "mai kyau", mai saye ya ɗauka sabo ne fil.

Tun 1996 eBay ta buɗe wurin da kowa zai ba da shaida a kan abokin cinikinsa. Amma masu saye suka riƙa jin tsoron faɗin gaskiya, kada mai kaya ya rama. A 2008 aka hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye. A Amurka kuma mai saye yana da kwana 30 ya kai ƙara, mai kaya yana da kwanakin aiki 3 ya amsa kafin kamfani ya shiga. Wannan ya kāre mai saye, ba shakka. Sai dai ma'auni ya karkata, domin ƙaramin ɗan kasuwa ne ke ɗaukar hasara in ya gamu da marar tsoron Allah. Littafin Karin Magana, sura 20, ya san mai algus a awo, ya kuma san mai saye da ke kushe kaya don ya karya kuɗinsu.

Mu kuwa namu ya fi wuya. Agogo ana iya mayar da shi ta gidan waya. Tumatir fa? Akuyar da ta kwana biyu a mota fa? Ba kuma wani kamfani da ke riƙe mana kuɗi a tsakani in an yi ciniki a WhatsApp.

Saboda haka ina roƙon kowace ƙungiyar gama kai ta sa wannan a taronta na gaba. Kada a ɗora hoton kaya sai an rubuta nauyin buhu a kan sikeli, da shekarar girbi, da aibin da ke ciki, ko ƙwari ne ko tsakuwa. A rubuta wanda zai biya kuɗin mota, da wanda hasara za ta hau in kaya sun lalace a hanya. Kuɗin kafin alƙalami ya shiga asusun ƙungiya, kada ya shiga na mutum ɗaya. Tun kafin a loda kaya, ɓangarorin biyu su amince da dattijo ɗaya da za a kai wa ƙara, magatakarda kuma ya ajiye saƙonnin duka har an gama biya.