A Bai Wa Bas Hannu A Mararraba

Akwai wani rashin adalci da ake yi a mararrabar manyan birane, wanda ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Fitilar danja mota ta sani, ba ruwanta da yawan waɗanda ke ciki. Idan ta tsai da mai ƙaramar mota minti ɗaya, minti ɗaya ya yi hasara. Amma idan ta tsai da bas mai ɗauke da mutum sittin, awa guda ke nan cur ta aikin jama'a ta salwanta, akawu ya makara ofis, malami ya tarar da aji yana jiransa.

To, maganin wannan yana nan. Akan sa wa bas wata 'yar na'ura mai sanar da fitilar cewa ga shi tafe. In koriya ce ke ci, sai ta ƙara 'yan daƙiƙoƙi har ya wuce. In ja ce, sai ta gajarta jira.

Mutanen Zurik ta ƙasar Suwizalan sun nuna amfanin abin. A 1973 suka ƙi jirgin ƙarƙashin ƙasa ta hanyar ƙuri'a, kana a 1977 suka yarda a kashe faran miliyan 200 don bas da taragon cikin gari su riƙa wucewa da wuri. Yau ana buga misali da birnin nan wajen cika lokaci.

Watakila mai mota zai ce an tauye shi. Sai mu ce masa ya yi haƙuri, daƙiƙoƙin da aka ara ana iya mayar wa hanyarsa a zagaye na gaba. Kuma duk wanda bas ya rarrasa ya bar motarsa gida, fili ya buɗe wa saura.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Dole fitilun su samu wuta kullum, direbobi kuma su bi doka. Ikko ta keɓe wa bas hanyarsa tun 2008. Muna roƙon hukumomin Kano da Kaduna, duk fitilar da za su kafa nan gaba, su sayi mai wannan dabara tun da fari. Allah ya sa a duba.