KARATUN JAMI'A YANA SON MAI TAMBAYA

Kowace shekara yaranmu na Kurya Madaro da Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi suna neman shiga manyan makarantu. Wasu sukan nufi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, wasu Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, wasu kuma Sakkwato ko Zariya. Mukan koya musu lissafi da Turanci da kimiyya, amma sau da yawa mukan sallame su ba tare da sun iya buɗe baki su tattauna darasi da junansu ba. Wannan babban rashi ne, kuma lokaci ya yi da za mu gyara.

A sakandare malami yakan rubuta a allo, yaro ya kwafa, ya haddace, ya mayar masa ranar jarrabawa. A jami'a kuwa malami yakan shigo ɗakin da ya cika maƙil, ya yi lacca, ya fita, bai san sunan kowa ba. Wanda ya saba a ɗura masa kamar jinjiri sai ya rasa inda zai dafa. Wanda ya saba zama da abokai huɗu ko biyar, wannan ya yi bayani, wancan ya ƙi yarda, a koma littafi a duba, shi ne yake fahimtar abin da ya karanta. Domin kuwa mutum ba ya sanin gwargwadon abin da ya gane sai ya yi ƙoƙarin bayyana wa wani.

Mu da ke wannan yanki mun fi kowa sanin cewa malami ba kullum yake samuwa ba. A 2020 annobar korona da yajin aikin ƙungiyar ASUU sun tsayar da jami'o'i daga Maris har Disamba. A 2022 an sake yin wani yajin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A Satumbar 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar. To, ɗalibin da karatunsa duka ya rataya a bakin malami, me zai yi a irin waɗannan watanni? Ko wayar hannu, wadda matasa kan aika wa juna tambayoyi da ita, ta zama banza a lokacin. Abin da ya rage shi ne tabarma, da littafi, da abokin da ya iya musu mai amfani.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamai da dama sun sami takardar NCE ta hannun Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, kuma yawancin karatun a gida ake yin sa, sai a haɗu a cibiyar karatu a warware abin da ya shige duhu. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, ita ma ta dogara ga himmar ɗalibi. Har ila yau, a ikkilisiyoyinmu muna zama nazarin Littafi Mai Tsarki ƙungiya-ƙungiya, kowa ya kawo fahimtarsa. Luka ya ba mu labarin Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali, yana sauraron malamai yana kuma yi musu tambayoyi. Maƙwabtanmu Musulmi ma, almajiran zaure sukan yi bitar karatu da juna bayan malam ya tashi.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi. Wasu iyaye suna cewa taron yara hira ce kawai, makaho ne zai ja makaho. Wasu malamai suna tsoron kada yawan tambaya ya jawo raini. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin ƙungiyar da ba ta da tsari takan koma gulma ko kwafar aikin mutum ɗaya. Amma maganin wannan shi ne tsari. Malami ne zai ba da tambayar mako, ya raba yara biyar-biyar, ya haɗa mai ƙarfi da mai rauni, ya sa shugabanci ya riƙa zagayawa. Kowace ƙungiya ta rubuta abin da ta amince da shi da abin da ya gagare ta, ta kawo aji a gyara. Aikin malami bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Game da raini kuwa, yaron da aka koya masa tambaya cikin ladabi ba zai raina wanda ya amsa masa ba.

Muna roƙon malamai su ware ko da darasi ɗaya a mako domin wannan, su kuma kula 'yan mata suna samun damar magana, kada kunya ta danne su a bayan aji. Iyaye su bar yara su yi zaman bita da rana a gidan da aka sani. Ku kuma ɗalibai, makon farko da kuka shiga jami'a ku nemi abokan karatu masu himma, Kirista ko Musulmi, ɗan gari ko baƙo. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba ku hikima da nasara. Amin.