Haƙƙin Magidanci Bayan Rasuwarsa

'Yan'uwa masu karatu, yau za mu tuna da magidancin karkara, irin wanda muka sani a Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari. Mutum ne mai fita gona bayan sallar asuba, ya noma dawa da masara da auduga, ya fitar da ushiri kafin hatsi ya shiga rumbu, ya ciyar da iyalinsa da halal. Wannan wahala ibada ce, muddin an kyautata niyya.

To, ranar da ya rasu kowa yakan yabe shi a zaman makoki, amma yabo ba ya sauke nauyi. Shari'a ta jera abin da ya wajaba: a yi masa sutura daga dukiyarsa, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa iyakar sulusi, sa'an nan a raba gado. Matarsa tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, idan ya bar 'ya'ya. 'Ya'yansa mata kuwa suna da rabo a gonar. Kada a fake da sunan gandu a danne musu. Wanda ya yi musu gumi yana raye, ba zai so a zalunce su yana kabari ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani, amin.