Daga Zauren Zongo: Bishiyar Shawara



Duk wanda ya taɓa zama taron 'yan kasuwa a nan Agoè-Zongo ya san halinmu. Alhaji babba ya yi magana, na biye da shi ya ce "haka ne", samari su sunkuyar da kai, a sha shayi, a shafa fatiha, a watse. Matsalar da ta tara mu kuwa tana nan daram.

Haka muka yi ta fama tun da aka rufe iyakar Benin da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kayan Yamai suka koma bin Cinkassé, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari mai rakiyar soja. Mota ta yi makonni a hanya, jari na kwance, masu bin bashi na buga waya. Zama uku muka yi, ba mu tsinana komai ba.

A zama na huɗu ɗan ƙanena, ɗalibi a Jami'ar Lome, ya shigo da faffaɗan kwali. Ya ce, "Baffa, a ba ni izini." Ya zana da'ira a tsakiya, ya rubuta "jinkirin kaya". Daga nan ya ja rassa biyar: hanya, duwan, kuɗi, ajiya, masu saye. Duk abin da mutum ya faɗa, sai ya rataya shi a reshensa da kalma ɗaya ko biyu. Taswirar tunani ake kiranta, wani Bature ɗan Ingila, Tony Buzan, shi ya yaɗa ta a talabijin ɗin BBC a 1974. Mu dai bishiyar shawara muka sa mata.

Sharuɗɗa uku ya kafa mana. Na ɗaya, ƙarami ke fara magana, don in babba ya riga, kunya ta rufe bakin kowa. Na biyu, ba a rubuta sunan mai shawara, saboda haka in an ƙi ta babu wanda aka ci wa fuska. Na uku, ba musu sai kwali ya cika. Wallahi wannan na ukun ya fi ba ni wuya.

To, ana cikin haka wani yaron mota da bai taɓa buɗe baki ba ya ce, yana ganin kowannenmu na biyan hayar magazan ɗinsa daban, alhali rabinsa wayam. Aka rubuta a reshen ajiya. Sai muka ga ashe reshen ya taɓo na kuɗi. Yau mu huɗu magaza ɗaya muke haya, rarar kuma da ita muke lallaɓa masu bashi kafin ayari ya isa.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne. Amma abin da ke ƙarƙashin mota, mai shiga ƙarƙashinta ke gani.

Ku gwada a gida ma, kan kuɗin makaranta ko hidimar biki. A zauna da uwargida da yara, wanda ya iya boko ko ajami ya riƙe alƙalami. Kafin a tashi, a zaɓi reshe biyu kawai, a faɗi wa zai yi, kuma yaushe. Shawara ɗaukar ɗaki ce, sai kowa ya sa hannu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.